Inna, Wane Ne Kanta?

   

Abin da ya kawo zancen yau, wata kishiyata ce 'yar aji uku, wato jikata. Ran nan ta dawo makaranta, ko hijabi ba ta cire ba, ta tsaya kan uwarta da ke tankaɗe, ta ce, "Inna, wane ne Kanta?" Wai malaminsu ne ya rubuta sunan a allo, ya ce kowa ya tambayo a gida. Uwar ta ɗan yi jim, ta ce, "Kanta? Ai sunan wata makaranta ce can Argungu." Ni ina daga cikin ɗaki na ji, sai dariya ta kama ni, daga baya kuma abin ya dame ni. Yarinyar nan fa ta gama sakandare, ta iya lissafi, tana karanta takardar asibiti ba mai fassara mata. Amma mutumin da ya kafa ƙasar da take takawa, sunan makaranta kawai ta san shi da shi.

Ban ga laifinta ba. A shekarar 2007 gwamnatin tarayya ta sake tsarin karatun firamare da ƙaramar sakandare, aka cire tarihi daga cikin darussa masu zaman kansu, aka tsakuro ɗan abin da aka tsakuro aka cusa cikin darasin zamantakewa. Yaran da suka yi makaranta a shekarun da suka biyo baya, su ne iyayen yau. An yi ta ƙorafi, har a watan Nuwamba na 2022 aka yi bikin maido da darasin, aka ce an zaɓi malamai 3,700 da za a horar, ɗari daga kowace jiha da Abuja. A 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ta sanar cewa tarihin Nijeriya ya zama dole tun daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. To madalla. Sai dai ku lissafa da ni: malamai ɗari, a jihar da ta miƙe tun daga Kangiwa har Zuru da Yawuri, za su kai ina? Kuma littafin da aka rubuta don ƙasa duka, layi nawa zai ba Kabi? In ya ba ta uku ya yi ƙoƙari. Sauran a gida za a ji shi, ko kuwa ba za a ji shi ba sam.

Na san wata za ta ce, ni da ba na fita, ban taɓa ganin Surame ba, ko Argungu sau ɗaya na je biki, me zan koyar? Ki kwantar da hankalinki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, daga cikin gida ta yi aikinta. Ta tsara labarin hijirar mahaifinta da yaƙe-yaƙen jihadi cikin waƙa, wadda ake kira Waƙar Gewaye, don mata su haddace. Ta naɗa jajjaji, ta sa musu malfa, suna zuwa daga ƙauyuka da 'yan taru, su ɗauki karatu su koma su koyar da matan da ba su fita. Ashe tun kafin a gina aji na farko na boko a ƙasar nan, mata na koyar da tarihi a tsakar gida.

To bari in ba ku labarin yadda na ba yarinyar, sai dai ku zan ƙara muku da shekaru, tunda ku manya ne.

Shekara 500 da 'yan kai da suka wuce, babbar daula a yammacinmu ita ce Songhai, hedikwatarta Gao, cikin ƙasar Mali ta yau. Sarkinta Askiya Muhammadu, wanda ya yi mulki daga 1493 zuwa 1528. A cikin masu taya shi yaƙi akwai wani jarumi, shugaban garin Leka a nan fadamar gulbinmu, ana ce masa Kanta. Suka tafi yaƙi Agadas tare, suka ci nasara. Da aka dawo aka zo rabon ganima, sai Kanta ya ga an tauye shi da mutanensa. Ya ce shi ke nan, daga yau ba ya bin Songhai. Wannan wajen 1516 ke nan. Askiya ya turo runduna, ba ta iya da shi ba. Wanda ya gaji sarautar daga baya ya sake gwadawa, shi ma ya koma da kunya. Ƙaramar ƙasa ta masunta da manoman shinkafa ta tsaya tsakanin manyan dauloli biyu, Songhai a yamma, Barno a gabas, ba wadda ta haɗiye ta.

Me ya ba shi wannan ƙarfi? Yaro zai ce miki jarunta, kuma da gaskiyarsa. Amma ki nuna masa ruwa. Gulbin Rima yana gangarowa ya haɗu da na Sakkwato, ya bazu cikin fadama mai faɗi, ya wuce Argungu da Birnin Kabi, ya karɓi gulbin Zamfara, ya je ya faɗa Kwara. Da damina fadamar nan takan zama teku. Doki ba ya ratsa ta, mai jirgi kuwa ko'ina gidansa ne. Ga kifi, ga shinkafa, ga ciyawar dabbobi da rani, ga hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Wanda ya riƙe fadama ya riƙe abinci da hanya. Kanta ya gina birane masu ganuwa, Surame da Gungu da Leka, ya mai da Surame fadarsa. Ganuwar Surame da dutse aka yi ta, ba da ƙasa zalla ba irin ta sauran biranen Hausa, shi ya sa har yau kufanta na nan, cikin Jihar Sakkwato ta yanzu, ana zuwa gani.

A nan ne labarin yake da daɗi ga yara, kuma a nan ne nake so mu yi hattara. An ce Kanta da ƙuruciya kiwon shanu ya yi, ya gagari kowa a dambe da kokawa. An ce yana da wani ƙaton jirgin ruwa da aka lulluɓe da jan ƙarfe, matuƙa 50 ke tuƙa shi. An ce da ana ginin Surame, Nufawa suka makara wajen zuwa aikin gayya, sai ya ce su nasu ɓangaren da man kaɗe za su kwaɓa ƙasarsa, ba da ruwa ba. Jikata da ta ji wannan ta ce, "Kaka, to ganuwar ba ta narkewa in an yi rana?" Kun ji tambayar mai hankali. Ban hana ta labarin ba, ban kuma rantse mata a kansa ba. Na ce da ita labari iri uku ne. Akwai tatsuniya, irin ta Gizo da Ƙoƙi, wadda in an gama ake cewa ƙurunƙus, kowa ya san ƙirƙira ce. Akwai "an ce", abin da kakanni suka ji daga kakanninsu, da gaskiya a ciki da kuma gishirin baki. Akwai kuma "an rubuta", ko "ga shi nan ana gani". Jirgin jan ƙarfe an ce ne. Ganuwar dutse ga ta nan. Rigimar ganima kuwa an rubuta ta.

Kuma kun san inda aka rubuta ta? Wani malamin Tambutu, Abdurrahman Sa'adi, shi ya sa ta cikin littafinsa Tarihus Sudan wajen 1655. Da wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya iso Gwandu a 1853, a can ya tarar da kwafin littafin, ya zauna ya kwafi abin da ya iya, ya kai Turai. Wato malaman Gwandu, a lokacin da ake tsakiyar gaba da Kabawa, su ne ke ajiye da littafin da ya ba da shaidar jaruntar Kanta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ba da labarinsa a Infakul Maisuri, bai rage masa girma ba. Shi ya kawo yadda Kanta ya gwabza da Barno, kuma a kan hanyar dawowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu, aka ɗauko gawarsa zuwa Surame.

Yaro ɗan shekara bakwai, in kin ce masa 1516, daidai yake da kin ce masa bara waccan. Bai san tsawon shekara 500 ba, mu ma manya da ƙyar. Ga abin da na yi. Na aike ta ta tsinto tsakuwa 20, muka jera su a tsakar gida, daga bakin ɗakina har bakin rijiya. Na ce ta farko ke ce. Ta biyu innarki. Ta uku ni. Ta huɗu uwata, wadda ba ki tarar ba. Kowace tsakuwa uwa ce da ta haifi ta gabanta, kamar shekara 25 ke nan tsakaninsu. Muka yi ta tafiya baya har ta 20, na ce to wannan matar ita ta ga Kanta da idonta, wataƙila ma ta daka wa masu ginin Surame fura. Yarinyar ta tsaya tana kallon tsakuwar nan kamar za ta yi mata magana. Daga ranar, duk labarin da na ba ta sai ta ce, "A tsakuwa ta nawa?" Ku gwada, ba kuɗi ake kashewa ba. In ba tsakuwa, ƙwayar wake ma ta yi, sai dai a kula da kaji.

Bayan Kanta ƙarfin Kabi ya ɗore fiye da shekara ɗari, sannan ya fara ja da baya. Gobirawa da Zamfarawa da Azbinawa suka matsa mata, har a farkon ƙarni na 18 aka bar Surame, Sarkin Kabi Tomo ya kafa sabon birni a kudu, kan tudu mai kallon fadama. Shi ne Birnin Kabi, wanda yau ake rubutawa Birnin Kebbi.

Yanzu mun zo wurin da yake da nauyi, wajen tsakuwa ta tara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka fara jihadi. A watan Afrilu na 1805 rundunar jama'ar Shehu, ƙarƙashin ƙanensa Malam Abdullahi da Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo, ta ci Birnin Kabi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da waɗanda suka bi shi. A shekarar nan Shehu ya koma Gwandu da zama, a shekarar nan kuma aka yi yaƙin Alwasa, inda jama'ar Shehu suka yi hasarar mutane masu yawa. Da aka raba kula da daula, yamma ta faɗo hannun Malam Abdullahi, Gwandu ta zama hedikwatarsa, kuma a can kabarinsa yake. Malami ne na gaske, Allah Ya jiƙansa. Ya yi tafsirin Alƙur'ani mai suna Liya'ut Tawili, ya rubuta Liya'ul Hukkami a kan yadda shugaba zai yi adalci, kuma a Tazyinul Waraƙati bai ɓoye ɓacin ransa ba da ya ga wasu daga cikin nasu sun fara karkata ga son duniya.

Su kuma Kabawan da suka ƙi miƙa wuya ba su watse ba. An kashe Hodi a 1826. Ɗan'uwansa Sama'ila, wanda ake kira Karari, ya tsaya a Argungu, masu ba da labari ma sukan ce sunan garin daga kiran "Ar, mu yi gungu" ya samo asali, wato mu taru wuri ɗaya. Aka kewaye Argungu, aka ci ta, aka kashe Karari a 1831. An ce da ya ga ba makawa, sai ya sauka daga doki, ya shimfiɗa garkuwarsa ya zauna a kai, ya jira. Ɗansa Yakubu Nabame aka tafi da shi Sakkwato, ba a kashe shi ba, ya zauna a can shekara da shekaru a hannun Sarkin Musulmi. An ce har ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba a fagen yaƙi, shi ya sa aka yarda ya koma gida. A 1849 ya ɗaga tuta a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya, aka koma gidan jiya. Shi ma a yaƙi ya rasu, a 1854.

Allah Sarki. Tsakanin Argungu da Birnin Kabi yau tafiyar awa guda ce a mota, ko ƙasa da haka. Amma kusan shekara ɗari mutanen wuraren nan ba su kwana da ido biyu rufe ba. A 1867 an yi sulhu tsakanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i, ana kiransa Lafiyar Toga, ya ɗan ɗore 'yan shekaru ya warware. Sarkin Kabi Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda aka fi sani da Sama, ya hau a 1883, ya yi ta kai hari garuruwan Gwandu da Sakkwato, su ma suna kawowa. Da Turawan Ingila suka iso a 1902 bai yaƙe su ba, kuma Sakkwato ta faɗa hannunsu a watan Maris na 1903. A zamanin Turawa ne fadar Sarkin Gwandu ta zauna a Birnin Kabi. Shi ya sa yaro zai iya rikicewa: Sarkin Gwandu yana Birnin Kabi, Sarkin Kabi kuma yana Argungu. In ya tambaye ki dalili, amsar ita ce duk wannan labarin da na ba ku.

Su wa suka fi shan wuyar shekarun nan? Jerin sunayen sarakuna ba zai gaya miki ba, amma ke mace ce, kin sani. In an ci gari, maza su mutu ko su gudu, mata da yara ake kamawa a kai wani gari, wasu a sayar, wasu a sa su ɗaka. Ta haka jini ya gauraya. Gidaje nawa ne a Birnin Kabi, a Ambursa, a Kalgo, a Augie, da in aka bi tsakuwoyinsu baya za a tarar da Bakaba da Bafillata a layi ɗaya? Namu gidan haka yake. Uwata tana da zanen Kabawa a kumatu biyu, mahaifina kuwa mutanensa daga wajen Gwandu suka zo. Ina ƙarama, in na je gidan kakata ta wajen uwa in ji wani labari, in na dawo gida in ji wani, mutumin da ake yabo a can shi ake tsinewa a nan.

To me za ki ce wa yaro in ya tambaye ki su wa ke da gaskiya? Zai tambaya fa, yara ba su son labarin da ba a san mugu ba. Ni ra'ayina, kar ki yi masa ƙarya ki ce ba a yi yaƙi ba, gobe zai ji a waje ya daina yarda da ke. Kar kuma ki ɗora masa kalmomin da muka gada na zagi, waɗanda kowa ya san su ba sai na faɗa a rediyo ba. Ki gaya masa abin da kowane ɓangare ya ce yana nema. Shehu da Malam Abdullahi sun ce suna so a gyara addini, a bar gauraya shi da tsafi, sarakuna su bar zalunci. Sarakunan Kabi sun ce ƙasar kakansu Kanta ce, wadda Songhai da Barno ba su mallaka ba, ba za su ba da ita ba. Ki sa shi ya lura da sunayensu ma: Muhammadu, Sama'ila, Yakubu, Abdullahi. Ɗan aji uku ya isa ya gane wannan, tunda ya sha ganin yayyensa biyu suna faɗa kowa na kuka yana cewa shi aka zalunta. Hukunci mai zurfi ya jira har ya girma ya karanta littattafan da kansa.

Haka zancen "Banza Bakwai". Littattafan makaranta da yawa suna kawo labarin Bayajida, su jera Hausa Bakwai, sannan su sa Kabi da Zamfara da Yawuri cikin Banza Bakwai. Na taɓa ganin yaro ya dawo gida ransa a ɓace, wai a aji an ce su banza ne, 'yan ajin na yi masa dariya. Malamin bai yi da mugunta ba, abin da ke cikin littafi ya karanta ya wuce. Ki zaunar da irin wannan yaro ki ce masa wannan labari daga Daura da maƙwabtanta ya fito, kowa kuwa in zai ba da labarin gidansu kansa yake sawa a tsakiya. Yana cikin "an ce". Ki tuna masa cewa a zamanin Kanta waɗansu daga cikin ƙasashen da ke cikin jerin farko sun ji tsoron Kabi. Ki bar shi nan, kar ki wuce ki koya masa raina wasu don an raina shi.

Ga kuma ɓangaren da na fi so, a tsakuwa ta huɗu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, wurin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Shekara 129 ke nan bayan cin Birnin Kabi. An daina harbi tun zuwan Turawa, amma zukata ba su huce ba. To da me za a karɓi irin wannan baƙo? Hawan dawaki Sakkwato ta fi kowa. Sai Kabawa suka nuna masa abin da yake nasu, suka shiga ruwa da goruna da homa suka yi su. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffar da aka san shi da ita, a mashigin Matan Fada. Su kansa ya girmi 1934 nesa ba kusa ba, da Sarkin Ruwa da al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa duk tsofaffi ne. Abin da ya zama sabo shi ne an mai da shi bikin zumunci. A 2005 giwan ruwan da ya ci gasa ya kai kilo 75, sai da ƙarti huɗu suka ɗaga shi. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. An yi wajen shekara goma ba a yi shi ba, aka dawo da shi a watan Maris na 2020. Yara da yawa sun ga hotunansa a waya, sun san ƙaton kifi, sun san ana ba da mota, amma ba su san cewa sulhu ne mafarinsa ba.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke sabuwar jiha daga Sakkwato. Aka sa mata sunan ƙasar Kanta, aka sa hedikwatarta a garin Sarkin Gwandu, aka haɗa masarautu huɗu a ciki, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Da yawanku kuna tuna ranar, wata ma a shekarar aka yi mata aure. To kin ga ke ma kina cikin labarin, tsakanin tsakuwa ta biyu da ta uku.

Daga nan ma ya fi kyau a fara da ƙananan, 'yan aji ɗaya da biyu, kafin a kai su ga sarakuna. Me ya sa aka sa maka sunanka, wa aka yi wa takwara? Wa ya haƙa rijiyar gidan nan? Daga wane gari kakarka ta zo, a kan me aka kawo ta, jaki ko jirgi ko mota? Ki buɗe adakar tsohuwa in tana nan. Za ki samu tsohon kwabo mai huda, ko sisi, ko sule, ki gaya masa da su ake ciniki kafin naira ta zo a 1973, kafin su kuma da wuri ake saye da sayarwa. Ki nuna masa tsohuwar taskira ko tasa ta gado, ya taɓa da hannunsa. Ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadama, wadda ke ba ki manta ba, shi ba a haife shi ba ko yana goye, a wurinsa ta riga ta zama tarihi, ke ce kuma mai ba da shi. Kar ki tsawaita. Labari ɗaya a dare ɗaya ya isa, bayan an ci tuwo, kafin barci ya ɗauke shi. In ya sake neman wanda kika ba shi jiya, ki sake, haka suke riƙewa.

In da hali kuma, ki roƙi maigida ko wani yayansu ya kai su Argungu su ga gidan tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar sarki ce, ana ce mata Gidan Nabame, sarakuna sun zauna cikinta har 1942, aka buɗe ta ga masu kallo a 1958. Akwai masu da takubba da kwari da baka, da tambura, da kayan su na dā, kuma a nan kaburburan sarakunan Kabi na Argungu suke. Gani ya kori ji. In sun dawo, ke kuma ki zauna su ba ki labari, kar ki gyara musu sai sun gama. Wannan karon su ne malamai.

Ita dai kishiyar tawa ta koma makaranta da amsarta, har da zancen man kaɗe, ta ce malam ya sa an tafa mata. Da yamma kuma ta zo ta tsuguna gaban tsakuwoyinta, waɗanda ta hana kowa sharewa, ta ce, "Kaka, kin gaya mini sunan Kanta da Karari da Nabame. To su waɗannan matan fa, ina sunayensu?" Na ƙirga mata tawa uwar, da kakata, da uwar kakata, daga nan tsakuwoyin suka zama ba suna. Maroƙan fada sun riƙe jerin sarakuna tun daga Kanta, jerin iyaye mata kuwa ba a naɗa kowa ya riƙe shi ba.

Don haka ga aikin gida, ku ma yau an ba ku. Duk wadda ke da tsohuwa a gida, uwar miji ce ko gwaggo ko kaka, ta zauna da ita cikin makon nan ta tambaye ta sunan uwarta, da na kakarta, da garin da kowace ta fito, har inda ta iya kaiwa. A sa yaro ɗan makaranta ya rubuta a bayan littafinsa, da boko ko da ajami, duk wanda ya sawwaƙa. Wadda ta kai tsakuwa ta bakwai ta aiko mana da wasiƙa, za mu karanta a fili.